Harajin Haladu

In dai maganar wuta da ƙarfe ake yi, duk unguwar Makera babu mai ce wa Ɗahiru matsoraci. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk tabon tartsatsi, yana iya ɗaukar jan garwashi da yatsu ya mayar cikin wuta bai katse hirarsa ba. Amma a nuna masa takarda mai hatimin gwamnati, ko ya hango mai kaki a kan keke ya nufo rumfarsa, nan take za ka ga ƙato ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin wuyansa. Abokan sana'a sun sha yi masa tsiya a kan haka, bai kuma taɓa musu ba. Cewa yake yi ƙarfe ya san halinsa, takarda kuwa Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta.

Daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi ya zo Kaduna, shekara biyu bayan an gama yaƙin duniya. Ya kafa rumfa kudu da kogi, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Yana ƙera murhu da sakata da gatari, amma abin da ya riƙe gidan shi ne gyaran diga, don a lokacin duk inda ka duba a maƙwabciyar unguwa Kakuri haƙa ake yi ana gini. Da ya ga wuri ya karɓe shi, sai ya je ya ɗauko matarsa da mahaifiyarsu, Inna Kulu, da ƙanensa Haladu, autan gidan. Haladu ke yi masa zuga. Shi kuma ya yi wa Haladu aure, aka kawo masa Saratu daga garinsu.

Wata biyar da auren aka yi abin da Ɗahiru bai daina cizon yatsa a kansa ba. Wani ɗan kwangila ya kawo diga arba'in a gyara musu baki. Ɗahiru ya tafi sayen gawayi ya bar wa Haladu wuta. Haladu kuwa ango ne, jikinsa na rumfa hankalinsa na gida, ya yi ta zuga har bakin diga goma sha ɗaya ya ƙone ƙurmus. Ɗahiru ya dawo ya tarar da ɗan kwangila yana zage-zage, mutane sun yi cincirindo. Bai tsaya tambaya ba, ya kwashe ƙanensa da mari a gaban jama'a.

"Tashi ka ba ni wuri," in ji shi. "Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Haladu ya tashi ya karkaɗe wandonsa, ya bi hanyar tasha, ko gida bai biya ba. An aika Zariya, an aika Minna, an aika ƙauye, babu shi ko sama ko ƙasa. Bayan wata shida Saratu ta haifi 'ya mace, ana ce mata Tani. Sau biyu iyayen Saratu suna zuwa su kai maganar gaban alƙali a raba auren, sau biyu tana durƙusawa tana roƙon a ƙara mata lokaci.

Da kaka ta yi, mai unguwa ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, malamin haraji ya buɗe littafi yana kiran sunayen magidanta. Aka kira Ɗahiru, ya biya. Aka kira Haladu, wuri ya yi tsit. Mai unguwa, dattijo ne mai sauƙin kai, ya ce ai sai a soke sunan, tunda mutum ba ya nan.

"Yana nan," in ji Ɗahiru. Ya kwance lalitarsa ya ƙirga sule talatin da biyar.

A garinsu dai haka ya tashi ya gani. Wanda ya tafi cin rani ko ya shiga duniya, 'yan'uwansa ke biya masa har ya dawo, ba a soke sunan namiji sai in an kai shi makwancinsa. Ya karɓi rasit ya kai wa Inna. Inna ba ta karatu, idon ma ya fara rauni, amma ta shafa takardar ta naɗe a ƙyalle ta sa a kwallarta.

"Tunda gwamnati ta karɓi kuɗinsa, ai ta san yana da rai," in ji ta.

Wanda ya ga dama ya yi mata dariya. Da wannan magana tsohuwar nan ta yi shekara huɗu tana cin abinci tana barci. Kowace kaka a kira Haladu, Ɗahiru ya amsa ya biya, ko da kuwa zai daina cin goro wata biyu, ya kuma yi salla da tsohuwar riga.

A shekarar da aka buɗe masaƙa a Kakuri, saura mako biyu a fara karɓar haraji, masinja ya jingine kekensa a jikin rumfa ya ce gobe da hantsi ana neman Ɗahiru a ofishin haraji, ƙetaren kogi. Bai faɗi dalili ba, don shi ma bai sani ba. Abin da ya fara zuwa wa Ɗahiru shi ne an gano ƙaryarsa, shekara huɗu yana cewa mutum yana nan alhali ba ya nan, kuma wannan ai ɗauri ne. Da safe ya sa rigar sallarsa, ya gaya wa matarsa inda ya ajiye kuɗin gawayi ko da bai dawo ba, ya taka ya haye gada da ƙafa.

Ya yi awa biyu a kan benci kafin a kira shi. Akawun wani siriri ne mai tabarau, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Kai ne Ɗahiru maƙeri, wan Haladu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"An soke sunan Haladu daga littafin Makera. Ga kuɗinka na shekara uku an mayar maka, fam biyar da sule biyar. Dangwala nan."

Ya kama yatsan Ɗahiru ya danna a tawada ya danna a littafi, ya turo masa kuɗin tare da wata takarda da aka buga da keken rubutu. Ɗahiru ya buɗe baki zai yi tambaya, akawu ya riga shi.

"Duk bayanin yana cikin takardar," in ji akawu. "Oya, na gaba."

Sai da ya kai tsakiyar gada sannan ya dafa ƙarfen gefe ya tsaya. Sau ɗaya tak a rayuwarsa ya taɓa ganin kuɗi sun fito daga hannun gwamnati sun shiga hannun talaka. Wani tsoho ne maƙwabcinsu a ƙauye, wanda aka ɗauki ɗansa soja aka kai yaƙin Bama. Bayan yaƙi aka kira tsohon ofishin Di'o, ya dawo da bargo da takarda da kuɗi ƙulle a hankici, kafin ya iso ƙofar gida mata sun fara kuka. Ko kwabo bai ci a ciki ba, duk a sadakar mamaci suka tafi. Ga shi yau an soke suna, an ba da takarda, an ba da kuɗi. Ɗahiru ya ji ina ma ɗaurin aka yi masa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa matarsa maganar lasin rumfa ce. Ya cusa kuɗin da takardar a gwangwanin taba, ya tona rami a gindin uwar maƙera ya binne, ya zauna a kai yana aiki.

Ba wai babu abin yi da fam biyar a gidan ba. Zuga-zuginsa sun sha faci har facin ma yana neman faci, ɗakin Inna yana yoyo duk damina, matarsa ta daɗe tana maganar kwanon rufi. Duk ya san da wannan, amma ko sau ɗaya bai ji kuɗin nasa ne ba. A ganinsa hanya ɗaya ce gare su, a sayi gero a daka gumba, a tara malamai a yi wa Haladu addu'a. To, ran da aka yi haka Saratu ta shiga takaba, Tani ta zama marainiya, Inna kuma bai san ko za ta kai wata kakar ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu wanda zai faɗa a gabansa, amma kowa a unguwa ya san bakin da ya kori yaron nan. Tsoro yake ji ƙwarai, irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron a ce marin nan shi ne rabuwarsu ta duniya.

Mai karanta masa takardar kuwa yana nan kusa. Ernest, mutumin Onica, makaniki ne a shagon gyaran jirgi, ɗakinsa na haya yana layi ɗaya da rumfar. Kullum in ya taso aiki sai ya tsaya sun taɓa hira, Hausarsa rangaɗau sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sau uku Ɗahiru yana tona gwangwanin in ya hango shi tafe, sau uku yana mayarwa ya tura ƙasa da ƙafa. Muddin ba a karanta ba, yana iya ce wa zuciyarsa bai sani ba.

Ran kwana na shida Inna ta tambaye shi. Ba ta kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari.

"Kai, bana ba a fara haraji ba ne? Ban ga takardar Haladu ba."

"Saura kaɗan, Inna."

"Muryarka fa?"

"Hayaƙi ne."

Washegari ya kasa jurewa. Ya zari sule goma daga gwangwanin, ya shiga kasuwar Kakuri ya auno gero, ya dire a tsakar gida bai ce uffan ba, ya koma rumfa. Ga alama so yake geron ya yi maganar da shi ya kasa yi, ya kuwa yi. Gida da hatsi a ɗaki, babu biki babu suna, namiji ya shigo da gero fuska a murtuke. Inna ta lalubi buhun ta zura hannu, ta daɗe a tsaye, sannan ta ce wa Saratu ta jiƙa, ta shige ɗaki ta ja tufaniya.

Da la'asar Ɗahiru na zaune ya tasa wuta a gaba, hannunsa na zuga hankalinsa ya yi nisa. Warin ƙarfe ne ya farkar da shi. Ya ja awartaki ya zaro diga, bakinta ya ƙone ƙurmus. Shekara ashirin yana ƙira bai taɓa yin haka ba. Yana nan riƙe da ita sai aka aiko daga gida wai Saratu na son magana da shi. Ya same ta a zaure ta durƙusa, Tani na riƙe da gefen zanenta.

"Yaya, na jiƙa geron," in ji ta, idonta a ƙasa. "Ban tambayi Inna ba, ita ma ba ta tambaye ka ba. Amma in takaba zan shiga, sai na san ranar da abin ya faru. Yaushe ne? A ina aka binne shi?"

Ɗahiru bai san rana ba, bai san gari ba. Ya sa mata biyu zaman makoki a kan takardar da ko buɗe ta bai yi ba. Kunya ta rufe shi har ta danne tsoron. Ya juya ya fita, ya tone gwangwanin, ya tsaya a tsakiyar hanya har Ernest ya ɓullo da kakinsa duk baƙin mai.

"Malam Ɗahiru, lafiya? Kwana biyu sai ka ce na ci maka bashi."

"Karanta mini wannan. Ranar kawai nake so, da sunan garin."

"Ranar me?"

"Ranar da ya rasu."

Ernest ya goge hannu a wando, ya buɗe takardar yana bi da yatsa, leɓunansa na motsi. Ɗahiru ya runtse ido ya fara salati a zuci.

"Wa ya ce maka ya mutu?" in ji Ernest. "Haba, maigida! Matacce yana biyan haraji? Ɗan'uwanka yana Bukuru, wajen masu haƙar kuza. Shekara uku yana biya a can, ya aiko da rasit ɗinsa duka uku. Shi ya sa aka ce an karɓa sau biyu a kan mutum ɗaya, aka mayar maka."

Ɗahiru ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce a sake karantawa, aka sake. Ya kama hannun Ernest ya riƙe gam yana alhamdu lillahi, hawaye na bin gemunsa, bai damu da masu wucewa ba. Sai da numfashinsa ya daidaita ya tambaya yadda aka yi ofis ya sani.

Ernest ya duba takardar. "Shi ya rubuta musu. Ya sami mai rubuta wasiƙa, ya dangwala yatsa. Mutanen jirgi kullum suna hawa suna sauka, wataƙila wani ya gaya masa kana biya." Ya sake duba takardar. "Ya ce a cire sunansa daga Makera, shi yanzu mutumin can ne. Ya ce a ba wansa kuɗinsa."

Murnar Ɗahiru ta koma ciki. Ashe Haladu ya san suna nan, ya san ana amsa sunansa kowace kaka, ya kuma sami takarda da kan sarki, amma ofis ya rubuta wa. Ko gaisuwar Inna babu. Ernest ya ga yadda fuskarsa ta sauya, sai ya shiga ba shi shawara, ya ce ya sayi sabbin zuga-zugi, ko ya kai kuɗin gidan waya a ajiye wa yarinya. Mutum ya ce a bar shi, to a bar shi mana. Ɗahiru ya yi godiya ya karɓi takardarsa.

Ya shiga ɗakin Inna ya durƙusa ya faɗa mata duka, har da na ƙarshen, Saratu na bakin ƙofa tana ji.

"Yana da rai," in ji Inna.

"Yana da rai, Inna. Amma ya ce a cire shi."

"Gwamnati ya gaya wa, ni bai gaya mini ba. Nawa ne kuɗin jirgi?"

Kafin ya amsa Saratu ta riga shi, ita da ba ta taɓa sa baki in manya na magana ba.

"Tikiti biyu, Yaya. In sakina zai yi, ya dube ni ya dubi 'yarsa ya faɗa."

Geron da aka jiƙa don gumbar sadaka, Inna da kanta ta zauna a kansa aka daka aka yi fura, ta sa yajinta yadda ta saba, ta cika ƙwarya ta ɗaure da ƙyalle. Ta ce a kai masa, zai gane hannunta.

Suka shiga jirgi a tashar da Haladu ya shiga, suka sauya a Kafancan, suka hau tudu sanyi na ƙaruwa. Duk tafiyar Ɗahiru bai iya cin komai ba. Da can yana tsoron ya ji ƙanensa ya mutu, yanzu kuma tsoronsa ya same shi da rai ya juya masa baya a gaban mutane, kuma ya san in an yi haka ba a zalunce shi ba. Ya shirya magana ya fi sau goma, kowacce ya juya ta sai ya ji ba ta isa ba.

A Bukuru suka yi yini guda suna tambaya daga wannan bariki zuwa wancan, kafin wani lebura ya ce in Haladu mai gyaran diga ne, ai ga rumfarsa can bayan ramin. Tun daga nesa Ɗahiru ya gane bugun masabar, don shi ya koya masa. Ya ce wa Saratu ta tsaya da yarinya a gindin wani dutse.

Haladu ya yi baƙi, ya yi gemu, ƙirjinsa ya buɗe. Diga sun fi talatin jere a gefensa, kowacce bakinta tsaf. Shi kaɗai ne, in ya zuga sai ya tashi ya buga, ya koma ya zuga. Ɗahiru ya yi sallama. Masaba ta tsaya a sama, sannan ta ci gaba da sauka. Haladu ya amsa sallamar ciki-ciki bai ɗago ba, leburori biyu da ke jiran kayansu suka zuba ido.

Duk maganar da Ɗahiru ya shirya ta gudu. Ya tsaya kamar an dasa shi, ga ƙwaryar fura a hannu, ga sauran kuɗin haraji a aljihu. Can sai ya ajiye ƙwaryar, ya tattare rigar sallarsa, ya zauna a ƙasa a mazaunin mai zuga, wurin da bai zauna wa kowa ba tun yana yaro a gaban ubansu. Ya kama zuga-zugin ya fara. Iska na fita da ƙarfi fiye da kima, wuta ta tashi fara sol.

Haladu ya zura diga a wuta ya tsaya yana kallonta. Ya kai hannu ya share ido, wataƙila hayaƙi ne.

"A hankali, Yaya," in ji shi. "Za ka ƙona ta."